Ko doka za ta iya tayar da saurayi daga kan benci don tsohuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga unguwar Birni nake rubuto maka, nan Damagaram. Makon jiya na raka mahaifiyata wani ofis karɓar takarda. Ta haura shekara 70, ga ciwon gwiwa. Benci biyu ne a wurin, samari sun cika su, kowa idonsa na kan waya. Mun fi awa biyu a tsaye, har ta gaji ta zauna a ƙasa, babu wanda ya motsa. Shin bai kamata gwamnati ta kafa doka ba, a riƙa cin tarar duk wanda ya ƙi tashi wa tsoho, ko mai ciki, ko naƙasasshe? Tunda kunya ta ƙare, ai sai a gwada tsoro.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Raina ya ɓaci da na karanta wasiƙarki, domin a garin da yaro yake durƙusawa kafin ya gaida babba, ganin tsohuwa zaune a ƙasa samari na kan benci abu ne mai ciwo. Ba wai kin cika ƙorafi ba ne. An yi wa mahaifiyarki ba daidai ba.

Amsata a taƙaice ita ce, eh, doka tana da aiki a nan, amma ba wuyan samarin ya kamata ta fara kamawa ba. Wuyan ofishin za ta kama. Bari in bi da ke yadda na kai ga wannan.

Mu masu karatun shari'a mukan raba abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai cutarwa, akwai kuma hana alheri. Wanda ya bangaje makaho ya faɗi, ko ya zagi kuturu a bainar jama'a, ko ya ƙi ɗaukar gurgu aiki alhali ya cancanta, ko ɗan kabu-kabun da ya buge tsohuwa ya gudu, duk waɗannan cutarwa ce, kuma babu gardama cewa hukuma ta hukunta. Shi kuwa wanda yake zaune bai tashi ba, bai ƙwace wa Inna komai ba a idon alƙali. Ya dai hana ta wani alheri da tarbiyya ta ce ya yi. Malamanmu na fiƙihu ma sun san wannan bambanci tun da daɗewa: akwai haƙƙin da alƙali yake ƙwato wa mutum, akwai kuma wanda yake tsakanin bawa da Ubangijinsa. Hadisi ya tabbata cewa wanda ba ya tausayin ƙaraminmu, bai kuma san girman babbanmu ba, ba ya cikinmu. Magana ce mai nauyi ƙwarai. Duk da haka ba a yanka wa mai wannan hali haddi ba, an bar shi da wa'azi da kunyar jama'a da hisabin gobe.

Tsakanin biyun akwai wani yanki da dokar Faransa ta shiga, kuma ƙasashe da dama da suka gaji tsarinta sun bi sahu. Shi ne ƙin taimakon wanda yake cikin haɗari. A Faransa, in ka ga mutum yana halaka, kana iya ceto shi ko ka kira agaji ba tare da ka jefa kanka cikin haɗari ba, amma ka wuce da gangan, hukuncin yana iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar yuro 75,000. A Ingila babu irin wannan tilas a kan kowa da kowa. To ki lura, ko Faransawan da suka matsa, a kan rai da lafiya suka tsaya. Da Inna ta yanke jiki ta faɗi aka tsaya kallonta, da maganar ta zama wata. Tsayuwa a layi ba ta kai nan ba.

Yanzu mu ɗauka an kafa dokar da kike so. Wa zai tsare ta? Sai a ajiye ɗan sanda a kowane ofis, kowace tashar mota, kowane famfon da mata suke layin ruwa tun asuba. Sa'an nan shi ne zai yanke wane ne tsoho, wace ce mai ciki, wane ne marar lafiya. A nan ne nake jin tsoro, domin rauni ba kullum ake ganinsa da ido ba. Cikin samarin nan da kika gani, wataƙila akwai mai sikila da ƙafarsa take masa zugi, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya kwana a asibiti yana jinya. Mace mai cikin wata biyu ta fi kowa jiri, ga shi babu alama, kuma ke kin san al'adarmu, ba za ta buɗe baki a gaban maza ta ce tana da juna biyu ba. Dokar tara za ta tilasta wa irin waɗannan su tona asirin jikinsu ga baƙo don su tsira daga biyan jika biyar. An tashi kare masu rauni, an ɓuge da tozarta wasu masu raunin.

Abu na biyu, duk tarar da ake yankewa nan take a kan titi, ba shaida ba takarda, ƙofa ce ta cin hanci. Kuma talaka take ci. Mai hali ba ya ma zama a benci, ta ƙofar baya ake shigar da shi a miƙa masa takardarsa. Wanda za a kama shi ne ɗan ƙauyen da ya taso daga Mirriya ko Magariya tun da duhu.

Ba zato nake yi ba, an gwada a kusa da mu. A Najeriya, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce a ba naƙasasshe fifiko a layi, wanda ya saɓa kuwa tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga don masu keken guragu. Wa'adin ya cika a farkon 2024, kuma har yanzu ƙungiyoyin naƙasassu na can suna kukan cewa gine-gine da yawa suna nan da matakalarsu yadda suke. Dokar tana da kyau, rubutunta kaɗai bai gyara layi ba. Ƙasar Sin ma a 2013 ta wajabta wa ƴaƴa su riƙa ziyartar iyayensu tsofaffi a kai a kai, sai aka rasa yadda za a auna "a kai a kai" ɗin, balle a auna ko ziyarar da kotu ta tilasta tana sanyaya zuciyar uwa.

Inda abin ya fi tafiya daidai shi ne inda aka ɗora nauyin a kan ma'aikata da kamfanoni. Brazil ta kafa doka a shekarar 2000 da ta ce ofisoshin gwamnati da bankuna su fara sallamar naƙasassu, da tsofaffi, da masu ciki, da masu shayarwa, da masu ɗauke da jarirai, kamfanonin sufuri kuma su ware musu kujeru masu alama. In an saɓa, ma'aikacin ko shugabansa ko kamfanin ne zai amsa. Hikimar a fili take. Ofis yana da adireshi, yana da shugaba, yana da kasafin kuɗi, ba ya gudu. Saurayin da ya ƙi tashi kuwa gobe ba ki san inda yake ba.

Akwai wata shari'a a Birtaniya da nake yawan kawo wa ɗalibai. A 2012 wani mai keken guragu, Doug Paulley, ya zo shiga bas, ya tarar wata mata ta ajiye keken jaririnta a wurin da aka ware wa irinsa. Direba ya roƙe ta ta matsa, ta ƙi don yaron yana barci, bas ta tafi ta bar shi. Bai kai ƙarar matar ba, kamfanin ya kai. A 2017 kotun ƙoli ta ce roƙo sau ɗaya bai wadatar ba, dole direba ya matsa wa wanda ya ƙi ba da uzuri mai ma'ana, ko da zai ɗan tsayar da motar ne. Amma kotun ba ta ce a fitar da fasinja da ƙarfi ba. Wannan ma'auni ya yi mini. Kamfani ko ofishin da yake da wurin ne yake da alhakin tsawatarwa, kuma tsawatarwar tana da iyaka. A Japan kuwa, tun 1973 aka fara ware kujerun tsofaffi a jiragen ƙasa, a 2006 aka fito da wata ƴar alama da mai ciki take rataya wa jakarta don a gane ta ba sai ta yi magana ba. Babu tara a kan fasinja. Alama ce kawai da tunatarwa.

To mu dawo gida. Ofishin da kuka je ya san tsofaffi suna zuwa kullum. Don me benci biyu kacal? Don me babu rumfa, a garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40? Don me mai gadin ƙofa bai ga tsohuwa a ƙasa ya shigar da ita gaba ba? Don me takarda ɗaya za ta ci awa biyu? Waɗannan tambayoyi ne da doka take iya amsawa da lamba da wa'adi: kujeru kaza, taga ɗaya ta masu rauni, rubutu da hoto a bango don wanda bai yi boko ba, da sunan jami'in da za a kai wa kuka. Da an rubuta a jikin benci ɗaya cewa na tsofaffi ne da masu ciki da naƙasassu, da ke kanki kin sami bakin magana, da yaron da yake kai ya ji nauyi. Sau da yawa ba mugunta ce take hana saurayi tashi ba, kowa yana jiran na kusa da shi ne ya fara, ga waya ta ɗauke ido.

Kuma ba daga fili za mu fara ba. Nijar tana da dokar kare naƙasassu tun 1993, an yi mata gyara a 2010, ta ce duk ma'aikata ko kamfanin da yake da ma'aikata 20 ko fiye ya ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, an kuma ƙara wata doka a 2019. Ki zaga ofisoshin garin nan ki ƙirga nawa ne mai keke zai shiga ba tare da an ɗaga shi ba. Mun kuma ga abin da ya faru da maganin kyauta na yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka soma a 2006: niyya mai kyau, ta ceci yara da yawa, amma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, sai magani ya riƙa yankewa, uwa ta koma sayowa a waje. Shi ya sa nake cewa kafin a ƙara sabuwar doka a kan ɗan talakan da yake kan benci, hukuma ta fara cika wadda ta ɗora wa kanta.

Akwai abin da ba na so ya ɓace a maganar nan. Masu rauni da yawa ba tausayi suke nema ba. Na zauna da makafi da guragu, abin da ya fi ƙona musu rai ba rashin tashi ba ne, a'a, yadda ake miƙo musu dala biyar tun ba su buɗe baki ba, alhali aiki ya kawo su. Mun san tarihin unguwar Kara-Kara, yadda aka ware kutare a gefen gari, da yadda tabon ya bi ƴaƴa da jikoki waɗanda ba su taɓa cutar ba. Wannan wariya ce, kuma ita ce doka ya kamata ta sa wa ƙarfi, a makaranta da wurin ɗaukar aiki da haya. Duk ranar da za a zauna tsara wani abu, a kira su. Ƙasar Hausa ta daɗe da sarkin makafi da sarkin kutare da sarkin guragu, ga kuma ƙungiyoyinsu na zamani. Su suka san inda yake musu ciwo.

Su kuwa samarin, ban wanke su ba. Abin da suka yi rashin kunya ne. Amma maganinsa yana hannun waɗanda suke jin maganarsu: uwa a gida, malamin allo da na boko, liman a huɗuba, shugaban fada inda suke shan shayi, da gidajen rediyon garin nan. Ladabin da aka yi don tsoron tara yana ƙarewa da zarar ɗan sanda ya juya baya, kuma ina ganin Inna ma ba za ta ji daɗin zama a kujerar da aka bar mata ana harararta ba.

Ga abin da zan ba ki shawara. In kun sake zuwa, kada ki tsaya jiran wani ya lura. Ki nufi ɗaya daga cikinsu, ki yi masa sallama, ki ce, "Ƙanena, don Allah taimaka wa Inna da wurin zama, gwiwa take ciwo." Wanda aka kalli idonsa aka roƙa da wuya ya ƙi. Sa'an nan ki je wurin mai gadi ko ma'aikacin taga ki nemi a sallame ta da wuri saboda shekarunta. Bayan haka ki rubuta ƴar takarda ga shugaban ofishin, ki sa ranar da abin ya faru da tsawon lokacin da kuka jira, ki nemi abu uku a sarari: ƙarin benci, inuwa, da fifiko ga masu rauni a layi. Ki ajiye kwafi, ki kai ɗaya ma'aikatar magajin gari, ki sanar da mai unguwarku. In kin samu mata biyar ko goma da irin haka ta taɓa samu suka sa hannu tare da ke, ku kai takardar da kanku ku nemi a buga muku hatimin karɓa.