Amsa ga ƙanenmu mai Honda CD175 da ya ƙi tashi bayan an haɗa inji

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'ar wannan zaure barkanmu da dare, ya gajiyar aiki. Wannan amsa ce ga ƙanenmu na Idi-Araba, mai tsohon Honda CD175 na mahaifinsa, Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Ku yi haƙuri da ƙarar janareta, haka Agege take yau.

Ga waɗanda ba su ji saƙonsa ba, cewa ya yi an sauke injin gaba ɗaya, an yi borin, wato an faɗaɗa ramin silinda, an sa sababbin fistin da ringi, an wasa bawul, an wanke kabireta, an yi wa ƙarfen babur fenti, an mayar da komai. Yanzu ana ta kik ya ƙi tashi, sai dai jefi-jefi ya yi tari ta kabireta, in an kwance fulogi kuma a same shi jiƙe da fetur. Har wani ya ba shi shawara ya sayo sabuwar kabireta da sabon kwayil, mai tura wa fulogi wuta.

To ƙanena, don Allah kada ka sayi komai tukuna. Injin da aka buɗe aka haɗa, in ya ƙi tashi, matsalar tana inda hannu ya taɓa. Da wannan kabiretar da wannan kwayil ɗin babur ɗin yake yawo kafin a sauke shi, me zai kashe su suna ajiye a kwali? Kuma kabiretarka Keihin ce ta asali. Honda sun daina yin wannan babur tun 1979, duk abin da za a miƙo maka yau a kasuwa da sunan sabo bai kama ƙafarta ba. Riƙe abarka.

Na biyu, ku daina kik ɗin nan haka. Duk bugun da kuka yi inji bai kama ba, fetur ne ke sauka yana wanke man da ke jikin sabon borin, ringi na gogar ƙarfe a bushe. In kuma sarkar taimin, mai daidaita lokacin buɗewar bawul da hawan fistin, ba ta zauna daidai ba, bawul na iya taɓa kan fistin ya lanƙwashe, aikin ya dawo sabo.

Ga abin da za ka yi gobe da safe, inji na sanyi. Kashe makulli, rufe famfon mai, kwance fulogi duka biyun. Buɗe murfin maganeto na gefen hagu, ka sa sifana ka juya injin da hannu a hankali, ta inda yake juyawa in yana aiki. In ka ji ya cije a wani wuri, tsaya nan, kada ka tilasta. In ya zagaya sumul, alhamdu lillahi, mu ci gaba.

A jikin maganeton akwai haruffa biyu, T da F, da ɗan tsinin da ake daidaita su da shi. T shi ne lokacin da fistin ya kai ƙarshen sama. F shi ne lokacin da ya kamata wuta ta faɗo, kafin T da kaɗan. Kawo T kan tsinin, sannan ka leƙa haƙorin da sarkar taimin ke hawa a saman inji, ka ga ko alamarsa ta zauna inda littafin babur ɗin ya nuna. Haƙori ɗaya tak in ya goce, inji zai yi maka irin tarin nan da kake faɗa, don bawul ɗin shigar mai bai gama rufewa a kan lokaci ba. Ni a nan zargina ya fi ƙarfi, nan da tafet, wato 'yan ƙarafan da ke danna bawul, waɗanda ake saita tazararsu.

Bari in tsaya a kan tafet ɗin, don a nan yara masu koyon aiki a kan babura masu silinda ɗaya suke ruɗewa. Babur ɗinka silinda biyu ne, kuma fistin ɗinsa biyu tare suke hawa tare suke sauka. Saboda haka in T ta zo kan tsini, duka biyun suna sama, amma ɗaya ne kawai yake matse iska, bawul ɗinsa biyu a rufe. Ɗayan kuwa yana tsakanin fitar da hayaƙi da shan mai, bawul ɗinsa a ɗan ɗage suke. Wanda bai sani ba sai ya kawo T sau ɗaya ya ɗaure tafet huɗu duka. A'a. Sa yatsa ka girgiza su. Ɓangaren da ka ji biyun suna ɗan motsi, ƙas-ƙas, shi za ka saita. Sai ka juya inji zagaye ɗaya cikakke, T ta sake dawowa, ka saita ɗaya ɓangaren. Tazarar kuwa 0.05 ce ta milimita, na shiga da na fita duka. Siririya ce ƙwarai, ba a yin ta da ido ko da ƙiyasi, sai da fila geji, siririn ƙarfen nan na auna tazara, ya shiga ya fita yana ɗan ja. In an matse ta babu tazara ko kaɗan, bawul ba zai zauna ba, iska ta riƙa zurarewa, ko ka kwana kana kik ba zai tashi ba.

Da ka gama wannan, toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya buɗe totur gaba ɗaya ya buga kik, makulli a kashe. Ya kamata iska ta ture yatsan da ƙarfi, fuf, a kowane ɓangare. In za ka samu aron agogon awon matsi ya fi. Daga 120 a ma'aunin psi zuwa sama inji zai tashi, in ya gaza 100 akwai magana. Sabon ringi bai gama zama ba, don haka kada ka tsorata in bai kai na littafi ba. In ɓangare ɗaya ya yi ƙasa sosai, zuba masa ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa. In ya ƙaru, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket.

Yawwa, sai wuta. Wannan babur ba irin Bajaj ɗin yanzu ba ne, kana ji na? Wutarsa daga batir take, batir mai bolt 6, ta bi ta kwantak, ɗan bakin ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don yanke wuta, da kwandensa da kwayil. In batir ya yi sanyi babu wuta, komai ƙarfin ƙafarka. Auna shi, cikakke yana nuna 6.3 ko kusa da haka. Kada kuma wani ya ce a jona masa na mota mai 12 don a gwada, za ku ƙona ƙwai da kwayil a banza.

Wajen gwada wuta ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Kwayil ɗinsa ɗaya ne mai wayoyi biyu, fulogi biyun lokaci guda suke ba da wuta, kuma wutar ta ɗaya take fita ta dawo ta ɗayan. In ka ɗora fulogi ɗaya a jikin inji ka bar ɗaya wayar tana lilo, za ka ga wuta mara ƙarfi ko ka rasa ta sam, ka ɗora wa kwayil laifin da ba nasa ba. Ka ɗora su duka biyun a jikin ƙarfe. Amma ka nisanta su da ramin fulogi, tunda silindarka cike take da fetur, kada wuta ta tashi a fuskarka. Shuɗiya mai ƙara tas-tas muke nema. Ja-ja mai lanƙwasa, wannan a waje ma da ƙyar take, balle a cikin matsi.

In babu, koma kan kwantak. Sabon kwantak yakan zo da ɗan maiƙo a bakinsa don kada ya yi tsatsa, sai ka zura farar takarda mai kauri tsakani ka ja har ta fito fes. Tazararsa in ya buɗe iyakar buɗewa 0.3 zuwa 0.4 ce ta milimita. Sannan ka duba inda wayar ta ɗauru a jikinsa. Akwai wasu 'yan wasa na roba ƙanana a wurin, aikinsu su raba waya da ƙarfe. In an sa kan wayar a bayan robar ya taɓa farantin, wutar ta tafi ƙasa ke nan tun ba ta isa ko'ina ba. Abu ne da bai kai ƙwayar wake ba, amma ya isa ya ajiye babur wata guda.

Kuma ka ce an yi fenti. Fenti ba ya barin wuta ta wuce. Duk inda kwandensa da kwayil da wayar batir ta jiki suke ɗaure, kankare wurin har farin ƙarfe ya fito. Ka bi kawunan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, don damshin Legas da iskar teku ba sa raga wa tagulla, babur in ya yi watanni a ajiye za ka same su sun yi kore.

Saita lokacin wutar ba wuya. Nemi ƙwan bolt 6 mai wayoyi biyu, ɗaya a kan sifirin ɗin kwantak, ɗaya a jikin inji. Kunna makulli, ka juya maganeto a hankali. Daidai lokacin da F ta hau tsini ƙwan zai kama. In ya riga ko ya makara, sassauta farantin kwantak ka ɗan juya shi har su haɗu. Kada ka bar makulli a kunne ka tafi shan shayi, kwayil zai yi zafi batir ya zube.

Mai kuwa, tunda fulogi na jiƙewa, yana isowa, wataƙila ma ya yi yawa. Abu uku kawai zan ce ka duba a kabireta, sai kuma fetur ɗin kansa. Silaid ɗin kabireta, gefensa mai yanka yana kallon wajen shigar iska ne. Ƙaramin jet, wanda da shi inji ke tashi, ka ɗaga shi sama ka ga haske ta raminsa, ka hura shi, kada ka soka masa waya. Sukurun iska ka mayar da shi ciki a hankali har ya tsaya, ka dawo da shi juyi ɗaya da ɗan ƙari. Fetur ɗin da ya kwana a tanki tun kafin a sauke inji zubar da shi, ka tsiyaya kaɗan a kwalba mai haske ka duba ko ruwa ko tsatsa sun kwanta a ƙasa. Ka sayo sabo a gidan mai, ban da na galan a bakin titi.

In duk wannan ya daidaita, busar da fulogi, ka buga kik kamar sau goma babu su don silinda ta sha iska, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, ka mayar, ka buɗe mai, ka ja cok, totur kaɗan. In sha Allahu zai amsa.

In ya tashi, roƙona ɗaya. Kada murna ta sa ka murɗa totur. Buɗe murfin tafet ɗaya ka leƙa, cikin minti ɗaya ya kamata ka ga baƙin mai yana fantsama a sama. In a bushe yake, kashe nan take. Sandar da ke ɗaga bawul a irin waɗannan Honda a kan alminiyam take juyawa kai tsaye, in mai bai hau ba 'yan mintuna sun isa su cinye wurin, kuma samun wani kan inji na CD175 yau, ko ka zaga Ladipo da Owode Onirin, sai an dace. Abin da ya fi toshe hanyar man shi ne gam ɗin gasket da ake lafta wa da yawa. Tambayi wanda ya haɗa ko ya sa, kuma a ina. A waje za ka tayar da shi kuma, ba cikin ɗaki ko shago a rufe ba, hayaƙin yana kisa.

Maganar turawa a titi don ya kama da giya, bar ta. Ka san tun 2022 aka hana acaba a Mushin da Surulere, kuma babur ɗinka bai kai 200cc ba, manyan hanyoyi ba nasa ba ne. Kada a ɗauke maka abin gado a kan gwaji. Injin da aka saita daidai da ƙafa yake tashi a tsakar gida.

Ka ɗauko mini hoto biyu gobe, ɗaya na T a kan tsini, ɗaya na haƙorin taimin a daidai wannan lokacin ba tare da ka motsa injin ba, ka turo nan zauren. In kuma ka ji ya cije lokacin da kake juyawa da hannu, kada ka ƙara taɓa shi, ka kira ni, ranar Lahadi bayan la'asar zan shigo Idi-Araba da fila geji da agogon matsi. Allah ya ba da sa'a. Wassalamu alaikum.