Kan yarinyarmu da dillali ke son fita da ita waje

Ɗana, na samu tambayar da ka aiko mini bayan atisayen jiya a nan Bauchi, cewa wani dillalin 'yan wasa ya nemi ka lallashi iyayen yarinyar nan mai shekara 16 da ke buga mana gaba domin ya tafi da ita Turai, kana son sanin ko ya dace ka sa baki. Kada ka sa. Dokar FIFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, ta hana ɗan wasa sauya sheƙa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai bisa wasu 'yan dalilai da ba su shafi yarinyarmu ba, don haka wanda ya yi wannan alkawari ko dai zai ƙara mata shekaru a takarda, ko kuma ya kai ta ya ajiye ba kulob.

Tunda Asisat Oshoala, 'yar wasan gaba ta Najeriya, kake yawan kafa wa yaran misali da ita, to ka dubi yadda tafiyarta ta kasance. A gida ta goge, daga FC Robo ta Legas zuwa Rivers Angels ta Fatakwal. A 2014 ta je Kanada gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, ta zura ƙwallo 7, ta karɓi kyautar gwarzuwar gasar da ta wadda ta fi kowa cin ƙwallo, duk da cewa Jamus ta doke Najeriya da ci 1-0 a wasan ƙarshe. Sai bayan nan Liverpool ta ɗauke ta a farkon 2015, tana da shekara 20, sunanta ya riga ta isa Ingila. Ko da haka ba ta sha da daɗi ba, domin ciwon gwiwa ya zaunar da ita kusan wata biyu, a Arsenal kuma, ko da yake sun ɗauki kofin FA a 2016, ƙwallayen ba su zo yadda ake zato ba.

Abin da nake so ka fi riƙewa shi ne komawarta Dalian Quanjian ta Sin a 2017. A lokacin ni ma ina cikin masu cewa ta ci baya, kuma na yi kuskure. Can ta samu buga wasa a kai a kai, ta ɗauki kofin lig, ta fi kowa cin ƙwallo, kuma daga can Barcelona ta karɓe ta aro a 2019. A shekarar ta zura ƙwallo a ragar Lyon a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na mata, duk da cewa Lyon ce ta yi nasara, a 2021 kuma ta zama mace ta farko daga Afirka da ta ɗauki kofin. 'Yar wasan gaba a cikin fili take girma, zaman benci kuwa yana kashe mata ƙafa ko da a babban kulob ne. Kyautar gwarzuwar Afirka da ta karɓa har sau 6, da ƙwallon da ta ci Ostireliya a kofin duniya na 2023, duk bayan shekaru na gumi a fili suka zo.

Yarinyarmu har yanzu ƙafarta ta hagu ba ta nuna ba, kuma takan gaji bayan minti 60. Ka ƙara mata atisayen hagu sau uku a mako, ka tabbatar ba ta fashin makaranta. Ranar Asabar bayan La'asar mu je tare mu gaida mahaifinta, ni zan yi masa bayani da bakina.