Amsa ga mai tambaya: kilo nawa na dalma zan ɗaura da rigar nutso?

Wa alaikumus salam, ƙanena na Karaye. Na ga tambayarka. Ka ce ka sayi rigar roba ta gwanjo mai kaurin milimita 5, nauyinka kilo 70, kuma wani ya ce ka ɗaura kashi 10 cikin ɗari na nauyin jikinka, wato dalma kilo 7, ka shiga dam ɗin Challawa. To, dakata tukuna.

Wannan lissafi na masu nutso a teku ne. Ruwan gishiri ya fi namu nauyi: lita ɗaya wajen kilo 1.025, na dam kuwa kilo 1. Sai ka ga kamar ba wani abu ba ne, amma idan kai da tukunyar iska da sauran kaya kun kai kilo 95, bambancin ya haura kilo 2. Tun ba a je ko'ina ba kilo 7 ɗin ya yi yawa.

Sannan ita rigar ba a yi mata kintace, auna ta ake yi. Robarta cike take da ƙananan kumfa na iska kamar soson katifa. Su ne suke tsare ka daga sanyi, su ne kuma suke turo ka sama. Rigar da ta sha ruwa shekara da shekaru kumfanta sun lotsa, ko da an rubuta 5 a wuyanta ba ta da ɗagawar sabuwa. Ga yadda nake yi. Na samu buhun albasa, mai ragar nan, na shiga ruwa iya ƙugu. Na jiƙa rigar ciki da waje, na matse iskar da ta maƙale a hannuwa da ƙafafu, don idan ka bar ta za ta yi maka ƙarya. Na cusa ta a buhu, na riƙa jefa dalma kaɗan-kaɗan, ko ta bakin birgi ce ka aro wajen masunta ta isa, har buhun ya bar iyo ya fara sauka a hankali. Sai na kwashe dalmar na kai wa mai sikeli. Abin da ya nuna, shi ne ƙarfin rigar.

Abin da sababbin shiga ba sa lura da shi, wannan ƙarfin na saman ruwa ne kawai. A zurfin mita 10 matsin da ke kanka ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Rigar ta matse ta zama siririya, ɗagawarta ta ragu sosai, dalma kuwa tana nan yadda take. Mai dalma da yawa sai ya ji ana jan sa ƙasa da gudu, ga gindin dam ɗinmu ba yashi ba ne, taɓo ne da kututturan itatuwa da tsofaffin raga. Ka faɗa ciki ka tayar da laka, hannunka ma ba za ka gani ba. Daga nan ka cika jaket, wato falmaran ɗin da mai nutso ke hura wa iska don daidaita ɗagawarsa, da iska don ka taso, kana hawa iskar tana kumbura, ta cillo ka sama ba shiri. Ni a wurina wannan ya fi ƙarancin dalma haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai kuma iskar tukunya. Ta alminiyom mai lita 11 idan an cika ta zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), iskar cikinta kaɗai ta fi kilo 2 da rabi. Kana shaƙa kana rage nauyi. Saboda haka gwajin gaskiya sai agogon da ke auna iskar tukunya ya nuna saura bar 50. Ka fitar da iskar jaket gaba ɗaya, ka tsaya a tsaye cikin ruwa da numfashi na yau da kullum a ƙirji. Ruwa ya tsaya maka daidai ido, idan ka fesar kuma ka fara sauka sannu. Sai ka gwada tsayuwar minti 3 a mita 5 ba tare da ka yi ta harba ƙafa ba. In da cikakkiyar tukunya ka yi gwajin, ƙara kilo 2 a kai.

Da hunturu, in ka ƙara hula ko 'yar ciki ta roba, sake gwaji. Dalmar kuma a bel mai maɓallin da hannu ɗaya zai ɓalle, kada ka kuskura ka ƙulla ta da igiya, kuma gwajin nan da wanda ya ƙware a gefenka za ka yi. Ba ka faɗi irin tukunyarka ba. Idan ta ƙarfe ce ba alminiyom ba, za ka rage dalma fiye da haka, sai ka duba rubutun da aka buga a kafaɗarta ka turo mana.