Fitilar batir ta ƙi mutuwa bayan an canza altaneta a Mazda MX-5

Tambaya: Ina da Mazda MX-5 ƙirar 2001 da na saya ta hannu. Wata biyu da suka wuce altanetarta, wato na'urar da ke cajin batir, ta daina caji, mai wayarin ya samo mini wata ta hannu, ya ce daga irin motar aka ciro ta, sai dai da ya zo haɗawa ya yanke soket ɗin ya murɗa wayoyin da hannu. Tun daga ranar fitilar gargaɗin batir da ke gaban direba ba ta mutu ba, batir yana sauka cikin kwana biyu, na sayi sabo amma ba ta sauya zani ba. Ya cire kan batir mota tana aiki don gwaji, nan take ta mutu, yanzu ya ce a sake sayen wata altaneta. Me ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, ka dakata da sayen komai tukuna, domin bisa abin da ka bayyana, zatona ya fi karkata ga cewa altanetar da aka sa maka lafiyarta ƙalau, ba ta wannan motar ba ce kawai. MX-5 ta farko, wadda aka ƙera daga 1989 zuwa 1997, altanetarta tana ɗauke da regulato a cikinta, wato ita ke daidaita ƙarfin wutar da take bayarwa da kanta. A ƙirar da ta biyo baya, wadda taka take ciki, Mazda ta mayar da wannan aiki cikin ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, saboda haka altanetar ba ta yin caji sai da umarnin ƙwaƙwalwa. Altanetar tsohuwar ƙira mai injin lita 1.8 tana zama daram a mazaunin taka, bel ya hau, kusoshi su ɗauru, shi ya sa mai sayarwa zai iya rantsuwa cewa irin motar ce, kuma bai yi ƙarya ba, amma wayoyinsu ba aiki ɗaya suke yi ba.

Tantance wannan ba ya buƙatar komai sai tocila. Ka leƙa bayan altanetar kusa da inda ƙananan wayoyi biyu suke shiga, ko ka duba takardar da aka manna a jikinta. Idan ka ga haruffan P da D, to irin taka ce: ta wayar D ƙwaƙwalwa take aika umarnin caji, ta wayar P kuma altaneta take mayar mata da labarin cewa tana juyawa tana ba da wuta. Idan kuwa L da S ka gani, tsohuwar ƙira ce, wadda take jiran ɗan wutar da ke bi ta ƙwan fitilar batir ya shigo ta L ya tayar da ita, ta kuma auna ƙarfin batir ta S. Idan aka haɗa irin wannan da wayoyin ƙwaƙwalwa, ba za ta sami abin da zai tayar da ita yadda ya kamata ba, ita ma ƙwaƙwalwar ba za ta ji komai ta P ba, sai ta bar fitilar a kunne, tunda a motarka ita ce ke kunna ta.

Gwajin nan na cire kan batir mota tana aiki, ina roƙonka kada ka sake yarda a yi shi. Ya yi amfani a zamanin motocin da ba su da ƙwaƙwalwa, amma batir shi ne yake shanye tsallen wuta, kuma da zarar an raba shi da layi alhali altaneta tana caji, wutar tana iya tashi ta ninka cikin ƙiftawar ido ta ƙona dayod ɗin da ke cikin altaneta ko ƙwaƙwalwar kanta. Abin da ya cece ka a ranar, mai yiwuwa, shi ne cewa ba a cajin ake yi ba.

Mitar auna wuta ta fi wannan gwaji gaskiya, kuma ba ta da tsada. Batir mai cikakken caji da ya kwana ba a taɓa shi ba yana nuna kusan volt 12.6, idan ya nuna 12.2 ya sauka zuwa wajen rabi. Idan injin yana aiki, ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5 a kan batir. Ka auna a wuri biyu, a babbar ƙusar da ke bayan altaneta mai alamar B, sannan a kan batir ɗin. A nan ne wannan mota take da nata hali, domin batirinta a but yake, wato wuta sai ta bi doguwar waya daga gaba zuwa baya, ta ratsa babban fis da ke akwatin fis na cikin bonet. Ka kunna manyan fitilu da fankar iska, ka ɗan taka totur, ka kwatanta awon biyu. Idan bambancin ya haura rabin volt, wutar tana ɓacewa a hanya, kuma galibi a mahaɗa ne: ƙusar da ta yi sako-sako, ko kan waya da ya yi kore saboda tsatsa a ƙarƙashin robarsa, wanda idan ka taɓa shi bayan ƴan mintoci za ka ji ya yi zafi. Haka za ka duba wayar da ta haɗa baƙin kan batir da jikin mota a cikin but, da wadda ta haɗa injin da jikin mota, ka kwance su ka goge har ƙarfe ya yi haske kafin ka mayar. Bel ma a danna shi da yatsa a ga ko ya saki.

Idan ya tabbata L da S ne a jikinta, shawarata ita ce ka nemo tsohuwar altanetarka idan ba a jefar da ita ba, a buɗe ta, domin sau da yawa burushin kabon ne ya cinye ko dayod ya mutu, kuma duka biyun ana canzawa. In ba ta samu ba, ka sayi mai P da D, ka nemi soket ɗinta, a haɗa da dalma a rufe da kyau, a tabbatar kowace waya ta koma gurbinta, domin murɗa waya da hannu a kusa da zafin injin ba ya daɗewa. Ana iya barin wadda ke kai a ja mata sababbin wayoyi, S zuwa jan kan batir ta cikin fis, L kuma zuwa wutar makulli ta cikin ƙaramin ƙwan fitila, kuma za ta yi caji, sai dai fitilar batir da ke gabanka za ta ci gaba da ci, ka rasa abin da zai gargaɗe ka ranar da caji ya tsaya da gaske. Ni ban so maka wannan ba.

Akwai abu biyu da za ka sa a rai bayan an sa wadda ta dace. Idan har yanzu babu caji, a auna wayar D injin yana aiki, a ga ko awon yana motsawa idan aka kunna fitilu. Idan bai motsa ba kuma wayar ba ta tsinke a hanya ba, akwai yiwuwar an taɓa jona mata wutar batir kai tsaye a lokacin waccan haɗawar, sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da caji ya lalace. Idan kuma caji ya dawo daidai amma fitila ta ƙi mutuwa, a duba na'urar da ke auna zafin iskar da injin yake shaƙa, wadda ke jikin akwatin matatar iska, domin ƙwaƙwalwa tana la'akari da ita wajen ƙayyade caji, kuma idan an bar soket ɗinta a cire takan kunna wannan fitila.

Sabon batirinka kuma, tunda ya sauka sau da yawa, a kai shi a yi masa caji a hankali har ya cika kafin a mayar da shi, kada a ɗora wa altanetar da aka gyara nauyin cika shi daga ƙasa.