Zumar Gaske Ko Dafaffen Sukari? Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Na sayi gorar zuma a tasha. Mai ita ya tsoma tsinken ashana a ciki ya ƙyasta ta kama, ya ce shaidar ba algus ke nan. Da sanyi ya shigo sai ƙasan gorar ya daskare ya yi fari. Maigida ya ce an cuce ni. Shin haka ne, kuma akwai dokar da ke kare mai saye? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Hajiya, ki faɗa wa maigida daskarewa ba shaidar algus ba ce. Zuma ta gaske tana daskarewa, musamman da hunturu, domin wani nau'in sukarin da Allah ya halitta a cikinta ne ke taruwa ya zama tsaki-tsaki. Ki tsoma gorar cikin ruwan ɗumi, za ta narke. Amma kada ki tafasa ta a wuta.

Sai dai ashanar mai zuma ma ba ta wanke shi ba. Abin da ta nuna kawai shi ne babu ruwa da yawa a ciki, kuma dafaffen sukari mai kauri zai ci wannan jarrabawa. Haka gwajin ɗiga ta a kofin ruwa, haka zancen wai tururuwa ba ta bin zumar ƙwarai. Duk ban yarda da su ba.

Doka kuwa akwai. Ma'aunin abinci na duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na abinci da na lafiya, wato FAO da WHO, suka shimfiɗa ya fitar da ƙa'idar zuma tun 1981. Jigonta shi ne duk abin da za a kira zuma kada a ƙara masa komai, ko da ruwa ne. Damshinta kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari, irin sukarin rake da ke cikinta kuma, a yawancin zuma, kada ya haura giram 5 a cikin 100. Batun damshin nan na gan shi da idona. Na taɓa sayo zuma a hanya na ajiye a ɗaki, bayan mako biyu na tarar gorar ta kumbura, murfin na tsiyayar kumfa, ga tsami kamar kunun da ya kwana. Ko dai an sirka ta da ruwa, ko an ɗebo ta daga amya tun ƙudan zuma bai rufe saƙar ba.

A Nijeriya hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar abincin da aka ƙulle a mazubi. Dole takardar jikin kwalba ta nuna sunan kayan, nauyinsa, sunan kamfani da adireshinsa, lambar rukunin da aka haɗa, ranar lalacewa da lambar rajista. Idan aka cuce ki, kina iya kai kuka ofishinta na jiharki ko hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. To amma abin da ke damuna shi ne gorar ruwan da aka wanke aka ɗura zuma, ba suna ba adireshi, wa za ki kai ƙara? Mai ita gobe yana wata tashar. In za ki sayi zumar da ba takarda, to ki saya wurin mai amya da kika san gidansa, ko ki karɓe ta da saƙarta ki tace da kanki.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina son in fara kawo zumar waje mai kyan kwalba. Ba ta fi tamu tabbas ba?

Amsa: Alhaji, kyan kwalba ba ya hana ha'inci. Tarayyar Turai ta gwada samfuri 320 na zumar da ake shigar mata, sakamakon da ta fitar a 2023 ya nuna kashi 46 cikin ɗari ana zargin an gauraya su da ruwan sukari. Masu algus ɗin sun ƙware. Tsohon gwajin ɗakin bincike yana kama sukarin rake da na masara, sai suka koma wanda ake tatsa daga shinkafa da alkama. Shi ya sa a 2024 Turawan suka gyara dokarsu, suka wajabta a rubuta kowace ƙasa da aka ɗebo zumar da kason da ta bayar. Kafin ka zuba kuɗinka ka nemi takardar gwaji ta wannan rukunin da za ka saya, ka tabbatar da rajistar NAFDAC a wurin hukumar, don lamba ma ana buga ta jabu. Ka karanta rubutun da kyau, wata kwalbar hoton saƙa ne kawai a gaba, a bayanta an rubuta haɗi ne da sukari. Da yawa daga masu sayen zuma don magani suke nema, ga mai ciwon sukari a cikinsu, ka kuma san hadisin da ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Tambaya: In na samu mai kyau, zan iya lasa wa jaririna ɗan wata huɗu?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, komai kyanta. Zuma kan ɗauko ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, tana shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Ki bari sai ya cika shekara ɗaya.