Fatawa: Hukuncin ɗaukar hotunan mutanen gari da baje kolinsu

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, mu matasa ne a nan cikin birnin Kano, mun haɗu mun kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto. Aikinmu yawo da kyamara a kasuwanni da lunguna: Kurmi, Kantin Kwari, marinar Ƙofar Mata, 'yan Adaidaita Sahu, 'yan garuwa, almajirai, da ranakun hawa. Idan hotuna suka taru sai mu wanke su manya-manya, mu sa a firam, mu kama zaure mu rataya, jama'a su zo kallo, wasu su saya. Yayana ya ce aikin haram ne, kuɗin ma haram ne, har ya karanto mini hadisin azabar masu yin hoto. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Malam, in bari ko in ci gaba?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, yayanka bai yi ƙarya ba. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Mas'ud, cewa masu yin sura suna cikin mafi tsananin azaba ranar alƙiyama. Akwai na Nana A'isha, da Annabi (SAW) ya dawo daga tafiya ya tarar ta rataya labule mai siffofi, fuskarsa ta canza, aka yanka labulen aka yi matasan kai da shi. Wani mai sana'ar zane kuma ya je wa Abdullahi ɗan Abbas, shi kuma Abdullahi ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Babu malamin da yake musun ingancin waɗannan. Inda aka yi saɓani shi ne wace sura ake nufi, kuma saboda me aka hana.

Dalili biyu malamai suka fitar. Ɗaya kwaikwayon halittar Allah, mutum ya zauna da hannunsa ya ƙaga fuska da gaɓoɓi, shi ya sa za a ce da shi ya busa wa abin da ya yi rai. Ɗayan kuma toshe ƙofar shirka. Wadda da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru da aka ambata a Suratu Nuh, aya ta 23, salihan bayi ne tun asali. Mutanensu suka kafa gumakansu don tunawa da su, da zamani ya ja aka koma bauta musu.

A mazhabarmu ta Malikiyya an rarrabe. Shehu Dardir, a sharhinsa ga Muhtasar na Halil, babin walima, ya bayyana cewa haramcin yana kan siffar mai rai, mai cikakkun gaɓoɓi, mai inuwa, wato gunki da abin da aka sassaƙa ko aka gina. Wanda yake shafe a jikin takarda ko bango ko tufa bai kai haram ba: makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, barinsa ya fi idan yana inda ake takawa. Suna kafa hujja da hadisin Abu Ɗalha wanda aka togace zanen da yake jikin tufa. Imam Nawawi daga Shafi'iyya bai yarda da wannan rarrabewar ba, shi a wurinsa mai inuwa da marar inuwa duk ɗaya ne.

Duk wannan magana ce a kan zanen hannu. Da kyamara ta zo, Shehu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya duba yadda take aiki ya ce tsare inuwa ce kawai. Haske ne yake tashi daga jikin abin da Allah ya riga ya halitta, na'ura ta riƙe shi, kamar yadda madubi yake nuna fuskarka, sai dai na madubi yana gushewa wannan kuwa yana zama. Shehu Ibn Usaimin ma yana ganin mai danna kyamara bai zana ido ko hanci ba, don haka hukuncin hotonsa yana bin manufarsa. Shehu Bin Baz da Shehu Albani sun tsaya a kan haramci sai da lalura, irin hoton fasfo da katin shaida. Manyan malamai ne, wanda ya bi su don tsentseni ba a zarginsa.

Abin da na rinjayar shi ne na halacci. Hoton kyamara a karan kansa ba ya shiga narkon da aka yi wa masu sura, kuma sana'ar halal ce. Tana ma da amfanin da kowane Bakano yake iya gani. Ka shiga Gidan Makama ka ga tsofaffin hotunan birni, ka ga yadda ganuwa take kafin a cinye ta da gine-gine. Tsohuwar Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa titi, yau a hoto kaɗai ake ganin asalinta. Yaron da ya taso bayan an hana acaɓa a 2013 bai san yadda titunan Kano suke a da ba sai an nuna masa. Hoton kasuwa daga sama, da na Dutsen Dala, da na rukunan marina, da dawakin Hawan Daushe, duk ku ɗauka ku baje, ba laifi.

Wurin da nake jiye muku tsoro daban ne, kuma kai da yayanka babu wanda ya ambace shi: mutanen da suke cikin hoton.

Annabi (SAW) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya. Da suka ce ba su da makawa, sai ya ce to su ba hanya haƙƙinta, ya lissafa runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Hadisin Abu Sa'id al-Hudri ne, Buhari da Muslim suka ruwaito. Mai zama a dakali kallo ɗaya yake yi ya wuce. Kai kuwa naka kallon kana adana shi, ka faɗaɗa shi ya kai tsayin mutum, ka kafe a bango, ka kira ɗaruruwan mutane su taya ka, daga nan wani ya ɗauka da waya ya sa a Facebook. Haƙƙin hanya a kanka ya fi nauyi.

Ɗauki misalin dattijo ɗan garuwa da ya tura kurarsa ta jarkoki tun asuba, azahar ta yi ya jingina da bango barci ya sace shi, baki a buɗe, riga a yage ta kafaɗa. A idon mai hoto wannan hoto ne mai kyau, na sani. Amma mutumin nan yana da 'ya'ya, wataƙila yana da surukai a unguwar da ke gaba. Da za a tashe shi a ce, Baba, za mu rataya ka haka a gaban jama'a, zai yarda? In amsar a'a ce, to ɗaukar cutarwa ce, bajewar kuma tonon asiri. Suratul Hujurat ta hana izgili a aya ta 11, ta hana bin diddigi da giba a aya ta 12. Giba kuwa ambaton ɗan'uwanka ne da abin da yake ƙi, kuma malamai sun ce ana yin ta da nuni da rubutu kamar yadda ake yi da harshe. Hoto bai fita daga ciki ba.

Saboda haka duk wanda fuskarsa ce jigon hoto, sai da izininsa, kuma izinin gaskiya. Ku faɗa masa za a wanke, za a rataya, za a iya sayarwa. Wanda aka ce da shi "tsaya in ɗauke ka" ya yi murmushi, izinin ɗauka ya bayar, bai ba da na talla ba. Taron jama'a kuwa, kamar cunkoson Kwari gab da sallah ko 'yan kallo a Ƙofar Kudu ranar hawa, ba a buƙatar bin kowa ɗaya-ɗaya, domin al'ada ta gudana a kan haka, matuƙar ba a ware wani cikin yanayin da zai kunyata ba. Leƙen cikin gidaje daga saman bene ko da kyamara mai tashi haram ne kai tsaye. An shar'anta neman izinin shiga ne saboda gani, kamar yadda ya zo a hadisin Sahlu ɗan Sa'ad.

Mata kuma ku kiyaye ninki biyu. Wadda mayafinta ya zame, da mai shayarwa a bakin rumfa, da 'yar talla da ta fara girma, ku kau da kyamara. Wadda take cikin suturarta tana sana'arta, ta yarda, kuma ba fitar da kyanta aka nufa ba, ina fatan ba laifi, duk da haka ɗauka daga nesa ko daga baya ya fi kuɓuta.

Almajiri shi ne wanda aka fi zalunta a wannan harka. Yaro ne, izininsa ba ya ƙulluwa a shari'a, ko da kun ba shi naira ɗari ya gyaɗa kai. Ku je tsangayar ku gaida malaminsa ku nemi yardarsa, in iyaye na kusa su ma. Ni dai ba na son hoton nan da aka saba, na yaro da robar bara da ƙuda a fuska. Yaron nan yana da allo, yana zama gaban wutar karatu da dare, yana wankin hula da ɗinki. In manufarku jawo hankalin masu hali da hukuma ga halin da yaran suke ciki, niyya ce mai kyau, kuma ana cim mata ba tare da an bayyana fuskar yaro ba.

Gyaran kwamfuta: daidaita haske da launi ba komai. Amma a sauya wa mutum kama, ko a ɗora shi a wurin da bai je ba, wannan ƙarya ce, kuma ya fara komawa ƙagen surar da aka hana.

Kuɗin hoton da ya cika waɗannan sharuɗɗa halal ne. In kun yi wa wani alƙawarin kaso ko kwafi, bashi ne a kanku. In ba ku yi ba, kyautatawa ce marinin da hannunsa mai baba har gwiwar hannu ya jawo muku ciniki ya ga wani abu. Hoton da aka ɗauka da yaudara ko ya ƙunshi tsiraici, sayar da shi bai halatta ba.

Game da zauren, ratayewa na 'yan kwanaki don a kalla a san halin gari ya bambanta da ratayewar girmamawa da neman albarka, wadda ita ce ƙofar da ake tsoro. Idan lokacin sallah ya yi ku tsayar da komai, kuma ku ware wurin da babu hoto a alƙibla, domin Annabi (SAW) ya sa an kawar da labulen Nana A'isha saboda zanensa yana bijiro masa a sallah. A kiyaye cuɗanyar maza da mata da ta wuce ƙa'ida.

Ka ci gaba da aikinka. Amma kafin baje koli na gaba, ku zauna ku bi hotunan da kuka tara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba a nemi izinin mai shi ba, ku koma ku nema. In ba a same shi ba, kuma hoton na iya kunyata shi, ku goge. Yayanka kuma ka karanta masa wannan amsa cikin ladabi. In ya tsaya a kan fatawar masu haramtawa yana da magabata, kada ka ɗauke shi hoto, kada kuma ka rataya naka a ɗakin da kuke tarayya.

Allah ne mafi sani.