Baƙo, buɗe ido da tumbin giwa

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya rubuto yana cewa: "Malam, zan shiga Kano in yi kwana biyu kacal. Abokina ya ce yawon buɗe ido zan yi, ni kuwa a wurinmu in an ce idon yaro ya buɗe ba yabo ba ne. Yaya abin yake? Kuma me ya sa ake cewa baƙo ko da ido makaho ne?"

Ɗan'uwa, Allah ya kawo ka lafiya. Kai da abokinka duk kuna kan hanya. In aka ce "idonta ya buɗe", musamman a kan budurwa, habaici ne, wato ta san abin da shekarunta ba su kai ba. Amma "yawon buɗe ido" fita ce don ganin abin da ba ka saba gani ba. Da kansa idon yaron ya buɗe, kai kuwa da niyya za ka buɗe naka. Shi ya sa ma aka jingina wa yawon dalili, don "yawo" tsurarsa kalma ce mai ƙura a jiki, ba uban da ke son a ce ɗansa mai yawo ne.

Makantar baƙo kuwa ba ta ido ba ce. Za ka wuce ta Ƙofar Na'isa ka ga tudun jar ƙasa a gefen titi, ka ɗauka ƙasar gini aka jibge. Ragowar ganuwa ce, wadda tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen shekaru 900 da suka wuce. Kanawa sun fi ce mata "badala", ko da yake asalin badala ita ce dakalin da ke jikin ganuwa ta ciki, inda mayaƙa ke tsayawa. Ka gani, amma ba ka gani ba, sai ɗan gari ya faɗa maka. Nan ne "matambayi ba ya ɓata" ke aiki, da sharaɗin ka fara da sallama da gaisuwa. Wanda ya tari dattijo da "ina Kurmi?" babu gaisuwa, da haɓa za a nuna masa hanya.

A kwana biyu ni dai ba zan ce ka zaga gari ba. Ka tsaya cikin birni. Ka hau Dutsen Dala da sassafe kafin rana ta yi zafi, wurin da aka ce Barbushe, jagoran mazauna Kano na farko, ya zauna. Daga can za ka hango Goron Dutse da rufin gidaje har inda idonka ya tsaya. In ka sauko sai Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. "Kurmi" daji ne mai duhuwar itatuwa, yanzu kuwa duhuwar ta rumfuna ce da lunguna, kana shaƙar ƙamshin kanumfari da warin jima lokaci guda. Gidan Makama, inda aka adana kayan tarihi, yana kusa da fadar Sarki, ka bar shi zuwa washegari tare da marinar Ƙofar Mata.

A marinar ka ɗan jima. "Marina" daga "rina" take, kamar yadda "majema" ta fito daga "jeme". Za ka tarar da marini a bakin rami yana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, launin na ƙara duhu. Kana tsaye a wurin za ka gane karin maganar nan, "za a rina, an saci zanen mahaukaciya": zanen da kowa ya sani ba ya ɗauruwa sai an sauya masa launi. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, ka kuma yi ɗan ihsani.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta tambayi ma'anar "Kano ta Dabo tumbin giwa". Dabo shi ne Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Tumbin giwa kuwa ba abin da ba ya ɗauka, shi ya sa ake cikawa da "ko da me ka zo an fi ka".

Ta kuma tambayi "a daidaita sahu". Asali maganar liman ce kafin kabbara. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, tsohon gwamnan Kano, ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya wannan suna, sai sunan ya bi babur mai ƙafa uku ya zauna. Hajiya, in za ki hau, ki yi ciniki tun kina ƙasa, ki kuma faɗa masa ko shata kike so ko zai ɗauki wasu a hanya, don kuɗin ba ɗaya ba ne.